Zumar Doguwa

"Ina gajiya, maigidan da ya yi kwanaki a birni ya dawo wa matarsa hannu rabbana?"

"Ba gajiya, tsohuwa. Au, ashe kina nan da ranki? Ni da na taso daga Kano ina ta sauri don kada a gama rabon gumbar sadakarki ban zo ba."

"Gumbata ba ta haƙoranka ba ce. Zauna ka jira, sai ka yi furfura. Ya hanya?"

"Hanya lafiya, sai dai wulaƙancin hawa motar mutane. Ya jikin?"

"Jikin da ba ka ciyarwa? Yana nan yana haƙuri da kai."

Mai tambayar Delu ce, wata tsohuwa a Tudun Wada, tana zaune da hantsi a kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Mai amsawa kuwa Rufa'i ne, jikanta na wajen ɗa. Tsakanin kaka da jika akwai wasa tun fil azal: ita ta kira shi miji, shi ya kira ta mata, kuma maganar da in bare ya faɗa sai an kai ga alƙali, su a bakinsu gaisuwa ce.

Rufa'i ya gaji sana'ar mahaifinsa, marigayi Jibrin. Yakan sari gishiri da kananzir da sabulu a Kano, ya bi da su kasuwannin ƙauye, ya komo da mazarƙwaila da zuma. Sana'ar duka ta dogara ne a kan wata tsohuwar ƙaramar motar kaya, irin wadda ake kira a-kori-kura. A ƙarshen daminar nan injinta ya buga a Kafin Maiyaki, makanikai suka duba suka ce sai haƙuri. Abin da ya kai shi birni ke nan, neman madadinta.

Sai dai a ƙarƙashin maganar motar akwai wata magana da ba a yin ta a gidan. Cikin 'ya'yan da Delu ta haifa, mutuwa ta bar mata guda ɗaya tak, Safara'u, wadda ke aure a Doguwa, bayan dajin Falgore. Safara'u kuwa 'yar fari ce. Al'ada ta hana uwa ta kama sunan ɗan farinta, ko ta tambayi lafiyarsa a gaban mutane, ko ta bari a ga tana kewarsa, kuma Delu ba ta taɓa keta wannan ba. Dabarar da ta samu ita ce, duk rani idan motar za ta ci kasuwar Doguwa, sai ta ce za ta bi don ta zaɓo zuma da hannunta, wai ba ta yarda da zaɓen maza ba. Tsohuwa irinta ba ta iya wannan tafiya a ƙasa ko a kan jaki. Saboda haka motar da Rufa'i ya zaɓa ita ce za ta yanke ko Delu za ta sake ganin 'yarta.

"To, ina motar?" in ji Delu. "Ko ita ma ta hango talaucinka ta ƙi biyo ka?"

"Biyu na gano, kuma na kusa yanke shawara. Ta farko sabuwa ce dal, koriya shar, ko ƙwarzane babu. Wani attajiri ne a Fagge yake ba da su haya. In ta lalace shi zai gyara, in taya ta fashe shi zai sake. Ni nawa tuƙi da ciniki kawai."

"Haya? Ashe mijina ɗan aro ne. Rigar aro ba ta rufe katara, yaro. Ran da mai ita ya tashi da ɓacin rai sai ka koma ɗaukar gishiri a ka."

"Ke ma ai zaman aro kike yi a duniya, ga shi an rasa ranar da za ki mayar."

"Wanda ya ara mini bai aiko ka karɓa ba. Ta biyun fa?"

"Ta biyun tsararki ce. Ragowar motocin soja ce tun na yaƙin Bama da Turawa suka kai sojojinmu ƙetare, tana wajen wani makaniki a Bebeji. Ƙafafu zaƙo-zaƙo kamar na raƙumi, fuska kamar an mari kwaɗo. Ba ta tashi sai an zura mata ƙarfe a baki an yi ta juyawa har mutum ya jiƙe da gumi. Tana shan fetur kuwa kamar yadda kike shan fura in ba ke kika saya ba. Ita sayarwa za a yi, kuma in na saye ta, jarina ya tafi sai ɗan abin da ba a rasa ba."

"Ita za ka saya."

"Ko ganinta ba ki yi ba!"

"Kai ma ban gan ka ba aka ɗaura mana aure, ga ni nan ina ta fama. Da tsohuwar zuma ake magani."

"Da tsohuwar mota kuma ake kwana a daji."

"Wanda ya kwana a daji ai ya san darajar ɗakinsa. Shi attajirin naka, haka kawai zai miƙa maka mota don kyan wannan fuskar taka mai kama da bayan tukunya? Ba sharaɗi?"

"Sharaɗi ɗaya ne, kuma ba mai wuya ba. Kada ta sauka daga hanyar da En'e ke gyarawa. Kano, Bebeji, Kiru, Kafin Maiyaki, sai nan garin. Daga nan ba ta ƙara taku ɗaya kudu. Ya ce cikinta ƙasa-ƙasa ne, ba ta shiga mashigin rafi, ba ta hawa dutse, kuma duk wanda ya kai masa ita dajin Falgore sun rabu."

Mazarin ya tsaya a hannun Delu na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba da juyawa.

"To, zuma fa?"

"Wace zuma?"

"Ka ji ɗan banza. Zumar Doguwa mana, da nake lasa da safe don in samu ƙarfin zama da kai."

"Akwai zuma a kasuwar Kiru, tulu-tulu."

"Wannan ruwan raken da ake yaudarar mutanen birni da shi? Ƙudan zuman Kiru ragwaye ne irinka, a juji suke kiwo. Na Doguwa kuwa ba sa fita sai da alwala."

"Ikon Allah! Har karatu ma suna yi, ko?"

"Da me kake ji suna yi in suna wannan gunjin a cikin amya? Kai da ka gudu daga makaranta kana ƙananan surori ina za ka gane."

"To, an gama. Sai in yi wa fataken jakuna magana su riƙa kawo miki mai alwalar."

"Zumar da ta hau jaki ta zama maɗi. Kuma wa zai zaɓa? Kai da in an ba ka man kaɗanya aka ce zuma ce sai ka lasa ka yi godiya? Sai na gani da idona, na tsoma yatsana."

Rufa'i ya gyara zama a bakin turmi, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Tsaya, tsohuwa, mu yi maganar hankali ko sau ɗaya kafin ki mutu. Hanyar Doguwa ba ta biyuwa sai ruwa ya janye. Masu haƙar kuza na Riruwai da Baba ke sayar wa kananzir a da, yanzu motocin Jos ke kawo musu kaya har ƙofa. A hanyar nan ce tsohuwar motar ta karya sifirin ɗin ƙafafunta har ban san iyaka ba, a can ta ɗauko ciwon da ya kashe ta. Ga iyali, ga haraji. In na ɗauki koriyar, jarina yana hannuna, in ci kasuwa kullum, damina da rani. In na ɗauki raƙumar sojan nan, bana rabin kayan da na saba zan sara, kuma in ta tsaya ba wanda zan kai wa kuka. Ina laifina a nan?"

Wajibi ne a yi wa Rufa'i adalci: ba shi da laifi. Duk wanda ya auna maganarsa da ma'aunin ciniki zai same ta cikakkiya, domin ɗan kasuwa ba ya sayen abin hawa don tafiyar da ake yi sau ɗaya a shekara, kuma haƙƙin waɗanda yake ciyarwa yana wuyansa. Delu ma ta san haka, don ta yi zaman aure da ɗan kasuwa, ta haifi ɗan kasuwa. Ita kuwa hujjarta guda ce, ta fi tasa nauyi a wurinta, amma ita ce kaɗai hujjar da ba ta da ikon furtawa. Wanda aka hana shi faɗin gaskiyarsa kuwa, dole ya nemi wasu dalilai, ko da marasa kan gado ne.

"Laifinka launin," in ji ta. "Koriyar mota ba ta da sa'a. Kowa ya sani."

"Wane ne kowa?"

"Ni. Kuma shekaranjiya na yi mafarkinta ta faɗa da kai rijiya."

"Shekaranjiya ko ni ban san da ita ba."

"Ai shi ya sa ake ce masa mafarki. Ita kuwa ta sojan, wadda ta je Bama ta dawo da ranta, ka san ba a banza take ba. Wadda ta ji ƙarar igwa ba ta gudu ba, giwar Falgore ce za ta razana ta? In kura ta ji warinta ma sai ta sara mata."

"In ta mutu a tsakiyar mashigi kuma, kurar ce za ta tura?"

"Ni zan tura. Na goyi ubanka har ya yi wayo, shi da ya fi buhun gishiri nauyi, balle wani tarkacen ƙarfe."

"Ke da in iska ta kaɗa sai an ɗaure ki a jikin turmi? Wallahi in kika shiga mota sai in ji kamar na ɗauko ƙullin ƙashi zan kai wa mai magani."

"Ƙashin nan shi ya yi sanadinka, mara kunya. Da na ƙi kakanka da yanzu kana ina? Kuma tun da kake ɗauka ta ka taɓa yin hatsari? Albarkata kake ci ba ka sani ba. Ranar da ka bar ni a gida ba ita ce ranar da injin ya buga ba?"

"Ranar da na bar ki a gida ita ce ranar da kunnena ya huta."

"Ka gani? Kunne ya huta, ƙafa ta sha tafiya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba."

"Babban da ke hango ƙudan zuma suna alwala."

Delu ta sunkuyar da kai. Ta naɗe zaren da ta kaɗa a jikin mazari, sannan ta yi magana ba tare da ta ɗago kai ba.

"In jari ne damuwarka, ga awakina can."

"Waɗannan masu tarin? Mahauci ma sai an roƙe shi."

"To, ɗaga murfin kwandon nan da ke bayana. Zare ne fal, na shekara da shekaru, siriri, ba irin na 'yan matan yanzu ba. Na tara ne a saƙa mini likkafani. Kwashe ka kai kasuwa, ka ƙara a kan abin da ya rage maka."

Rufa'i ya dubi kwandon, ya dubi tsohuwar. Dariyar da ke bakinsa ta ragu, amma shaiɗanin wasa bai sake shi ba tukuna.

"Duk don zuma?"

"Duk don zuma."

"Haba, Delu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni da ke ne a tsakar gidan nan, ba kowa. Zumar nan ai tana da suna. Kama sunanta sau ɗaya, in ji da kunnena, gobe da sassafe in tafi Bebeji in biya."

A nan Rufa'i ya yi kuskure, kuma ya kamata a kira shi da sunansa. Wasan kaka da jika yana da faɗi, amma yana da iyaka. An yarje wa jika ya yi wa kakarsa fatan mutuwa, ya kushe girkinta, ya ƙirga haƙoran da suka rage mata, domin duk wannan ba ya taɓa komai nata na gaske. Ba a yarje masa ya sa ta sayar da kunyarta ba. Kunyar ɗan fari ba ƙiyayya ba ce. Mace takan ɗauke ta tun tana yarinya, ta biya ta da abubuwa masu yawa da ta so yi ba ta yi ba, har ta zama ita ce mutuncinta a idon kanta. Wanda ya ce ta ajiye ta a tsufa, cewa ya yi duk abin da ta jure a banza ta jure shi.

Delu ta ajiye mazarin.

"Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano nake riƙe da bakin nan. Ran da aka tafi da ita can, ban leƙa ko zaure ba, ina nan ina daka, har na farfasa tsakin ya zama gari ban sani ba. Ran da aka aiko tana kan gwiwa, cewa na yi a dubo mini akuyata ta ɓata. Da na binne ubanka, ta zo ta zauna can jikin rumbu, ban ce mata sannu ba. Ban faɗa don haihuwa ba, ban faɗa don mutuwa ba, sai yau in faɗa don ƙarfe? Tashi ka je ka hau koriyarka. Allah Ya ba da sa'a."

Ta miƙa hannu za ta ɗauki allin da take shafa wa yatsunta don kaɗi. Allin yana gabanta, fari tas a kan tabarma, amma sai ta yi ta lalube a gefensa, ta wuce shi, ta dawo, kafin yatsanta ya ci karo da shi. Rufa'i yana kallo.

"Tun yaushe?" in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Tun yaushe me?"

"Idon."

"Idona ƙalau. Muninka ne ya sa na rage kallo."

"Iya."

Bai saba kiranta haka ba, kuma ta ji. Ta juya allin a hannunta.

"Ɗan hazo ne. Bara ina gane mutum tun daga zaure. Bana sai ya zo kusa, ko ya yi magana. Baɗi kuwa Allah ne masani. Kada ka gaya wa kowa, ba na son a riƙa ja na da sanda kamar wata abin tausayi." Ta shafa allin a yatsunta. "Shi ya sa na so in zaɓi zumar bana tun ina iya ganin launinta. Amma ba komai. Ta Kiru ma ai zaƙi gare ta."

Rufa'i ya daɗe yana murza hularsa. Bai nemi gafara da baki ba, domin a tsakaninsu neman gafara zai fi laifin nauyi, zai nuna cewa wasan ya mutu. Sai ya yi tsaki, ya mayar da hular kansa.

"Kin san wani abu? Ni dama koren nan bai kwanta mini ba. Sai ka ce ganyen rama."

"Ka ce sabuwa ce dal."

"Sabon abu ai shi ke jawo baki. Kuma attajirin nan, kallon da ya yi wa takalmina bai yi mini ba. A ce kamar ni, mai mata tsohuwa guda a gida, wani ya riƙa gaya mini inda zan bi da inda ba zan bi ba? Raƙumar zan saya."

"Kada ka yi don ni. Ni ban roƙe ka ba."

"Don ke? Ke wace ce? Don kurar da za ta sara mini zan saya. Amma ki sani, bana ba sabon zane, ba naman Sallah sai ƙafa da kai. In kuma ta ƙi tashi da safe, ke za ki juya ƙarfen."

"Zanen da ka saya mini bara ma ai da shi ake tace koko. Ga zaren nan, ɗauka."

"Rufe kwandonki. So kike a yi da ni a gari, a ce Rufa'i ya binne matarsa a buhun gishiri? Ki riƙe abinki, ki dai yi sauri ki yi amfani da shi."

"Sai na ga jikanka ya yi gemu."

"Allah Ya kiyaye. Ruwan mashigi ya kusa janyewa. Kasuwar farko da hanya ta buɗe za mu ci, in makanikin ya gama ɗaure mata abin da ya kwance. Ki shirya ƙasusuwanki."

"Gaba zan zauna, kusa da taga. Ba na hawa kan kananzir."

"Gaba kuma? Mutane su ce na ɗauko fatalwa?"

"Su ce. Matso nan, kunnenka nake so, ba bakinka ba."

Ya matso ya tsuguna a bakin tabarmar. Ta kwance bakin zanenta tana neman wani abu, tana magana kamar da zanen take yi.

"In mun je, ni gidan maƙwabtansu zan sauka, ba na shiga gidan suruki. Kai ka shiga ka gai da goggonka. Takan shigo can inda na sauka, wai ta zo aron maburgi, ta ɗauka ta fita kamar ana korarta. Ka ce mata bana ta zo da rana tsaka. Kada ta shige cikin ɗaki, duhu ne. Ta tsaya a bakin ƙofa inda haske yake, ta yi hira da matar gidan. Ta ɗan daɗe."

"In ta ce wa ya ce fa?"

"Ka ce kai ka ce. Kowa ya san ba ka da hankali."

Rufa'i ya yi dariya, ya kau da kai yana goge ido da hannun riga, wai hayaƙin murhu ne. Delu ta ciro goro ɗaya daga bakin zanen, ta ɓare shi biyu, ta shafa ɓarin nan ta shafa wancan, ta miƙa masa babban.

"Ungo, kuɗin motata ke nan, zuwa da dawowa. Kada ka saba."